Ido da Allon Talabijin: Abin Dubawa Kafin a Sayi Mai Tsada

Duk wanda ya taɓa shiga babban kantin kayan lantarki a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san bangon nan da akan jera talabijin a jikinsa, manya-manya, kowane yana nuna hoton tsuntsu ko fure ko ruwa mai gangarowa daga kan dutse. Waɗanda suka fi tsada a cikinsu, irin na Sony da LG da Samsung masu inci 65 ko 77, kuɗin guda ɗaya yakan kai miliyoyin naira. Mai saye yakan tsaya ya dube su na 'yan mintoci, ya nuna wanda ya fi ɗaukar masa ido, ya biya, yana cewa ai gani ya kori ji. Sai dai ilimin halittar ido ya nuna cewa irin wannan gani na cikin kanti yana da saurin yaudara ƙwarai. Sau da yawa talabijin ɗin da ya rinjayi 'yan'uwansa a bangon kanti, ba shi ne zai fi kyau a falo da daddare ba. Domin a gane dalili, sai an fara da alƙalin kansa, wato ido.

Iyakar abin da ido yake rarrabewa

A can bayan ido akwai wani siririn tantani wanda hasken da ya shigo yake sauka a kansa. A cikinsa akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Na farko masu siffar sanda ne, sun haura miliyan 90, kuma aikinsu gani a cikin duhu-duhu, ba ruwansu da launi. Na biyu masu siffar mazurari ne, kimanin miliyan 5, su ne masu gane launi da kuma ƙananan abubuwa. Waɗannan mazurarai gida uku ne, kowane gida da ɓangaren hasken da ya fi motsa shi: wani wajen shuɗi, wani wajen kore, wani kuma wajen ja. Tun a shekarar 1802 wani likita ɗan Ingila mai suna Thomas Young ya yi hasashen haka, tun kafin a sami na'urar da za ta tabbatar.

A kan wannan sirri na halitta aka gina kowane talabijin mai launi. Hoton da ke kan allo tarin ɗigogi ne, kuma kowane ɗigo ya ƙunshi 'yan fitilu uku, ja da kore da shuɗi, ko da yake wasu kamfanoni sukan ƙara na huɗu fari. Idan mai kallo ya ga ruwan ɗorawa a allo, to ja da kore ne suka kunnu tare, ƙwaƙwalwa kuwa ta fassara su a matsayin ɗorawa. Ɗalibi yana iya tabbatar wa kansa wannan idan ya kara madubin ƙara girma a kan farin wuri a jikin allo.

Masu talla sun fi son maganar yawan ɗigogi, saboda lamba ce mai sauƙin rubutawa a jikin kwali. Allon da ake kira Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2 kaɗan. Na 4K yana da 3840 da 2160, kimanin miliyan 8.3. Na 8K kuwa ya haura miliyan 33. Abin tambaya shi ne, nawa ne ido yake iya gani daga cikinsu?

Allon haruffan nan da ake gwada ido da shi a asibiti, wanda Herman Snellen na ƙasar Holan ya tsara a 1862, an gina shi a kan cewa lafiyayyen ido, wanda ake rubuta wa 6/6, yana rarrabe abubuwa biyu idan tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda. Daga nan sauran lissafi ne, irin wanda malami zai iya bai wa ɗaliban babbar sakandare a aji. Inci 65 ɗin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Faɗin allon a kwance kimanin santimita 144 ne. Idan aka raba wannan gida 3840, kowane ɗigo na 4K zai kama milimita 0.375. Ido mai 6/6 yana daina rarrabe ɗigo mai wannan ƙanƙanta da zarar ya yi nisan mita 1.3. Ɗigon Full HD a allo mai wannan girma yana ɓacewa a mita 2.6.

A shekarar 2025 masu bincike na Jami'ar Cambridge tare da kamfanin Meta sun sake auna wannan iyaka, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature Communications. Sun gano cewa ido ya fi yadda ake zato kaifi: yana rarrabe har ɗigo 94 a digiri guda idan hoton baƙi da fari ne, 89 idan ja da kore ne, amma 53 kacal idan ɗorawa da shunayya ne. Ko da an ɗauki lamba mafi girma, ɗigon 4K a allo mai inci 65 zai ɓace a wajen mita 2, na Full HD kuma a wajen mita 4. Ma'ana, wanda kujerarsa take mita 3 daga bango yana iya ɗan amfana da 4K, amma ƙarin ɗigogi miliyan 25 da 8K ya zo da su ba za su isa ƙwaƙwalwarsa ba. Da yake kusan dukkan manyan talabijin na yau 4K ne, wannan lamba ba ta raba gardama tsakaninsu ko kaɗan.

Baƙi shi ne gwaji

Abin da ya fi raba su shi ne yadda kowane yake nuna baƙi. Ido ba ma'aunin haske ba ne irin na ɗakin gwaji. Kwatance yake yi. Fitilar aci-bal-bal da take haska ɗaki da dare, da rana tsaka ko lura da ita ba a yi, alhali kuwa haskenta bai ragu ba. Ernst Weber, masanin aikin sassan jiki ɗan Jamus, ya bayyana wannan ƙa'ida tun ƙarni na 19: abin da gaɓoɓin ji da gani suke kamawa shi ne ninkin da ke tsakanin abu da abin da ke kewaye da shi. Saboda haka hoton da baƙinsa ya yi wuluk yakan zama kamar mai zurfi, launukansa su fito sosai, wanda kuwa baƙinsa ya koma toka-toka yakan zama kamar an lulluɓe shi da hazo.

Hanyoyi biyu ake bi wajen ƙera allo a yau. A kasuwa har yanzu kowane shafaffen talabijin filasma ake ce masa, amma manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma na ainihi tun 2014. Abin da ya rage shi ne LCD da OLED.

Tushen LCD, abin mamaki, daga hannun masanin tsirrai ya fito. A 1888 Friedrich Reinitzer, yana aiki a birnin Prague a kan wani sinadari dangin kolestarol, ya lura cewa abin yana narkewa sau biyu: a wajen digiri 145 ya zama gurɓataccen ruwa, sai a wajen digiri 178 ya washe. A tsakanin nan biyu yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar na lu'ulu'u. Irin wannan ruwan lu'ulu'u ne yake cikin allon LCD, kuma ba ya samar da haske da kansa. Akwai fitilu a bayansa masu ci kullum, shi kuwa aikinsa kamar na labule ne a kan kowane ɗigo, ya buɗe ko ya rufe gwargwadon wutar da aka ba shi. Matsalar ita ce labulen ba ya rufewa ruf. A wasu alluna fari ya ninka baƙi sau dubu ɗaya ne kawai, a waɗanda suka fi kyau sau dubu uku zuwa shida.

Don magance wannan, masu tsada a cikin LCD suna amfani da dubban ƙananan fitilu da ake kira Mini-LED, waɗanda aka kasa yanki-yanki, ɗaruruwa ko dubbai, ta yadda za a rage hasken yankin da hoton ya yi duhu. Dabarar tana aiki, amma yanki dubu biyu ba zai iya bin ɗigo miliyan 8 ɗaya bayan ɗaya ba. Idan farin wata ya fito a baƙin sama, ko farin rubutun fassara ya bayyana a ƙasan fim, akan ga wani ɗan haske ya yi masa rawani. Ya kamata kuma mai saye ya san cewa sunan QLED, wanda Samsung ya fara amfani da shi a 2017, LCD ne, duk da kamar da yake yi da OLED a rubuce. An dai ƙara masa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu tace launi, waɗanda gano su da sarrafa su ya sa aka bai wa Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023.

Shi kuwa OLED ba shi da fitila a baya. Kowane ɗigo shi yake ba da haskensa, daga wasu sinadarai masu tushen kabon. Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak ne suka nuna mai aiki na farko a 1987. Sony ya fitar da talabijin ɗinsa na farko mai inci 11 a 2007, LG kuma ya kawo mai inci 55 a 2013. Idan ana son baƙi sai ɗigon ya mutu ɗungurungum, ko da maƙwabcinsa yana ci. A ɗaki mai duhu babu LCD ɗin da yake kamo shi a wannan fage.

Amma fa sai a ɗaki mai duhu. Hasken taga ko na ƙwan lantarki da ya sauka a kan gilashi yana dawowa cikin idon mai kallo, ya cike baƙin da aka biya kuɗi dominsa. A falon da rana take shiga, abin da ya fi amfani shi ne ƙarfin haske, wanda ake aunawa da nit. Tsohon talabijin mai doro a baya yana ba da kimanin nit 100. Manyan OLED na 2025 sukan kai wajen nit 2000 a ɗan ƙaramin wuri, amma idan allon gaba ɗaya ya zama fari sukan sauko zuwa 'yan ɗaruruwa don kare kansu daga zafi. Mini-LED ya fi su riƙe haske a faɗin allo. Ke nan tambayar wanne ya fi ba ta da amsa sai an san ɗakin da za a kafa shi da kuma lokacin da mutanen gidan suke kallo.

Yadda kanti yake ruɗar ido

Kowane talabijin yana zuwa da wani saiti na musamman domin kanti, inda ake ƙure haske, a cika launi, a kuma karkatar da fari wajen shuɗi. Masu ƙerawa sun san halin ido sarai. Idan aka jera allo biyu, wanda ya fi haske shi yake jan hankali, kamar yadda rediyon da ya fi ƙara yakan zama kamar ya fi daɗin sauti. Sa'an nan ido yakan ɗauki farin da ya fi rinjaye a wurin a matsayin fari na gaskiya, ya auna sauran da shi. A tsakiyar alluna goma masu shuɗin fari, wanda aka saita daidai sai ya zama kamar ya yi tsatsa. Alhali shi ne yake kan ma'aunin da masu shirya fina-finai suke aiki da shi, wanda ake kira D65, mai kama da hasken rana tsaka. Idan aka zauna da shi minti kaɗan shi kaɗai, ido yakan saba, tsatsar ta gushe.

Akwai kuma batun motsi. Ana ɗaukar fim da hoto 24 a daƙiƙa, amma talabijin na zamani yakan ƙirƙiro wasu hotuna ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. A wasan ƙwallo wannan yana iya taimakawa. A fim kuwa yana ɓata yanayin da darakta ya tsara, har ta kai jarumi Tom Cruise ya fito a wani gajeren bidiyo a 2018 yana roƙon jama'a su kashe wannan saiti. Tun 2020 talabijin da yawa suna ɗauke da wani zaɓi mai suna Filmmaker Mode, wanda yake kashe waɗannan ƙawace-ƙawace a danna guda. Matakin farko na kwatance mai adalci shi ne a karɓi rimot a mai da dukkan allunan kan wannan zaɓi, ko kan wanda aka rubuta wa sinima.

Misalin yadda ƙwararru suke yi shi ne gasar da wani kanti mai suna Value Electronics yake shiryawa duk shekara a jihar New York ta Amurka. Ana fara saita kowane talabijin da na'urorin auna launi, a jera su kusa da allon da ake tace fina-finai a kansa a masana'anta, a saka musu hoto iri ɗaya a lokaci ɗaya, sa'an nan masu aikin launi su ba da maki gwargwadon kusancin kowane da wancan allo. Sony ya lashe da A95K a 2022, da A95L a 2023, da kuma Bravia 8 II a 2025. Abin lura a nan shi ne gilashin waɗannan duka daga masana'antar Samsung Display ya fito, irin wanda Samsung yake sa wa nasa OLED. Bambancin yana cikin 'yar kwamfutar da take sarrafa hoton kafin ya isa gilashi. Ita kuwa ba a rubuta ƙwarewarta da lamba a jikin kwali.

Abin da ake ciyar da shi

Wannan kwamfuta ta fi muhimmanci ga mai kallo a Nijeriya fiye da alƙalan New York, domin hoton tsuntsun nan na kanti ba shi za a riƙa kallo a gida ba. Tashoshi da dama da dikoda take kamowa, da tsofaffin fina-finan Kannywood na zamanin faifai, a kan tsohon ma'auni suke, wanda bai wuce ɗigo 720 da 576 ba, wato 414,720. Allon 4K ya ninka wannan sau 20 cif. Ma'ana, a cikin kowane ɗigo 20 da ake gani, guda ɗaya ne ya zo daga tasha, sauran 19 cikon talabijin ne. Wani yakan cike da basira, wani ya mai da fuska kamar an shafe ta da man kaɗanya, wani kuma ya zana farin layi a gefen kowane abu don ya yi kamar mai kaifi. Ainihin 4K kuwa ta intanet aka fi samunsa, kuma Netflix da kansa ya ce yana iya cin data har gigabait 7 a sa'a guda.

Don haka mai hankali yakan je kanti da filash ɗinsa, ɗauke da irin abin da gidansa suke kallo: labarai, wasan ƙwallo, da fim mai fitowar dare. Abin da ya fi dacewa ya zuba wa ido shi ne fuskokin mutane. Ba wanda ya san ainihin launin wani tsuntsu na dajin Amazon, amma kowa ya san launin fata, kuma ƙwaƙwalwa tana saurin gane kuskure a nan. Baƙar fata gwaji ce mai tsanani ga allo, saboda kyanta yana cikin ƙananan bambance-bambance na kusa da duhu. Allon da yake danne waɗannan matakai don baƙinsa ya burge, yakan mai da fuska a inuwa dunƙulen baƙi, ba kunci ba goshi. Matsalar tsohuwa ce a sana'ar hoto: shekaru da dama ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya kaɗai. Ya kamata kuma a matsa gefe a duba, a kuma durƙusa, domin a gida mai yawan jama'a wasu a tabarma suke zama, wasu a can kusurwa. LCD da yawa launinsu yakan koɗe daga gefe, OLED kuwa yakan riƙe nasa.

Zafi da wuta

Sinadaran OLED suna tsufa gwargwadon aikin da suka yi, kuma zafi yana gaggauta tsufan. Idan wani abu ya daɗe a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha ko akwatin da ke nuna ci a wasan ƙwallo, ɗigogin wurin sukan riga sauran gajiya, inuwarsa ta zauna daram. Ga mai kallon abubuwa iri-iri na 'yan sa'o'i a yini, haɗarin kaɗan ne a samfuran yanzu. Ga mai gidan kallon ƙwallo kuwa, wanda allonsa yake kan tasha ɗaya tun la'asar har tsakar dare, a ƙarƙashin rufin kwano, OLED ba zaɓi ne mai kyau ba. Littafin da yake zuwa cikin kwali yakan iyakance zafin wurin aiki a digiri 40, watan Afrilu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce haka. Har ila yau OLED yana da wani gyaran kai da yake yi bayan an kashe shi da rimot, inda yake daidaita ɗigoginsa. Zare shi daga soket nan take, ko ɗaukewar wuta, yana jinkirta wannan aiki. Kuɗin sitabilaiza mai kyau ya kamata ya shiga lissafi tun farko, ko wane iri aka saya.

Saura ido ɗaya da ba a gwada ba, wato na mai sayen. Madubin da ke cikin ido yana ƙara ɗorawa da shekaru, don haka uba da ɗansa suna iya saɓani a kan farin allo ɗaya, kowane kuma gaskiyar abin da ya gani yake faɗa. Akwai maza da dama da ba sa rarrabe ja da kore sosai ba tare da sun sani ba. Wanda kuwa ganinsa ya sauka zuwa 6/12, wato rabin kaifin lafiyayyen ido, ɗigon Full HD ma a allo mai inci 65 yana ɓace masa tun daga mita 1.3. A mita 3, irin wannan mutum ba zai bambance 4K da wanda bai kai shi ba sai ya je an auna idonsa an yanka masa tabarau.